Dubu Takwas na Mene Ne?

Sabon Birni, farkon damina

Daga Maliki ɗan Abu zuwa ga ɗan'uwansa Malam Lauwali a Isa. Gaisuwa da aminci, da tambayar lafiyarka da ta iyalinka babba da yaro. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwa da ta zama abokiyar zama. An yi ruwan shuka sau biyu, gero ya tsaga ƙasa.

Bayan haka, Na'Allah mai jakin kanwa ya kawo mini takardarka, kuma da kaina na karanta ta. Kada ka yi mamaki. Shekara uku ke nan ina zuwa zauren Malam Usmanu tsakanin magariba da lisha, mu tsofaffi bakwai, muna koyon baƙi da wasali da ɗan lissafi. Rubutun nan da kake gani kamar kaza ta yi tono, hannuna ne.

Da na kai inda ka ce ka ga wani saurayi a masallaci da tsagar gidanmu a fuska, ka tambaye shi ya ce sunansa Kalilu, uwarsa Zainaba, sai baƙaƙen suka yi ta rawa a idona. Malam Usmanu ne ya ƙarasa mini. Shekara goma sha huɗu, Malam! Tun ranar da hari ya watsa mu a Tsamaye, ɗiyata Zainaba ta rasu a hanya, shi kuma aka ce an gan shi a bayan dokin wani an yi kudu da shi. Ni na yi masa addu'a irin ta waɗanda suka riga mu. Matata Fadima, kakarsa, ita ce ta ƙi. Da na faɗa mata, ba ta yi kuka ba, cewa ta yi: "To, ni mi na ce maka?" Sa'an nan ta shiga ɗaki, ba ta fito ba sai la'asar.

Kakarka da kakana ciki ɗaya ne a Alkalawa. Da birnin ya faɗi, naku suka zauna ƙarƙashin tutar Sakkwato, namu suka ƙi, suka yi arewa da kwari da baka. Ban taɓa ganin fuskarka ba, kuma ban ɓoye maka ba, kibiyata ta taɓa faɗa wa ganuwar garinku. Duk da haka ka ɗauki jikana ka sa shi a gidanka. Ba ni da abin biyanka. Allah Ya biya ka, Ya biya malamin da ka ce ya fanshe shi, ya 'yanta shi, ya koya masa ilimin hisabi, wato lissafi.

Ka ce wa Kalilu kada ya yi mini alfahari da hisabinsa, nan ma akwai mai shi. Ina rubuta dubu a allo ba wanda ya kama mini hannu. In ya isa, ya aiko mini da tambaya. Ga 'yar daddawa daga Fadima. Allah Ya bar zumunci.

Isa, tsakiyar damina

Daga Kalilu zuwa ga kakansa Maliki. Ina gaishe ka gaisuwar jika da ya daɗe bai durƙusa gaban kakansa ba. Ina lafiya, Baba Lauwali yana riƙe da ni kamar ɗan cikinsa.

Kaka, ban manta ka ba. Na tuna tabon da ke kan babban yatsanka, na tuna goribar da kake ɓoye mini a cikin kwari. Matata Fadima kuwa, ka gaya mata angonta na nan, tsohon da ya riƙe mini ita ya fara shirin sallama. Daddawarta na gane ta tun kafin a kwance ganyen.

Hanya ba ta ba ni in zo yanzu, ka san yadda ake kallon mai tsaga irin tawa a ƙofar gari. Ba ni kuma da abin da za ni aiko maka sai abin da aka koya mini. Tunda ka nemi tambaya, ga ta.

Kowane adadi yana da sassa. Sashe shi ne rabon da ke fita idan an raba adadin daidai wa daida, babu ragowa. In ka tattara sassan adadi duka ka haɗa su, ɗayan uku ne. Ko su gaza kai shi, a ce masa mai giɓi, kamar takwas. Ko su wuce shi, a ce masa mai rara, kamar goma sha biyu. Ko su yi daidai da shi cif, a ce masa cikakke. Wannan na ukun ba su da yawa, kuma ba ni ba ka misali, ka nema da kanka.

To ga adadinka: dubu takwas da ɗari da ashirin da takwas. Shafa'i ne ko wutiri? Wannan kyauta na ba ka, mai salla ya san shi. Sassansa nawa ne, kuma su wane ne? Cikin gida ukun nan, ɗan wane gida ne?

In ka amsa, na yarda kai ne malami, na bar maka Fadima. Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Sabon Birni, bayan kwana tara

Daga Maliki zuwa ga ɗan ƙwacen mata, Kalilu. Lafiya muke, gero ya kai gwiwa.

Takardarka ta zaga unguwar nan kaf. Almu maƙeri, wanda muke karatu tare, ya karanta ta sau biyu yana bin ta da yatsa, ya ce hannunka ya fi na Malam Usmanu kyau, Malam kuwa yana zaune yana ji. Tabon yatsa yana nan, kwarin ne dai gara ta ci.

Sai dai ka yi haƙuri, takardar babu ita yanzu. Na ajiye ta cikin tukunyar tufafi, da na dawo daga gona na tarar da kakarka ta jiƙa ta a ƙwarya ta shanye. Na ce, "Fadima, ba rubutun sha ba ne, tambaya ce!" Ta ce, "Hannun ɗan ɗiyata ne. Kai ka karanta da ido, ni da mi za ni karanta?" Allah Ya sa na haddace adadin da tambayoyin uku.

Amma kai ma ka yi mantuwa, malamin hisabi. Ka ce dubu takwas da ɗari da ashirin da takwas, ba ka ce na mene ne ba. Dawaki ne ko mutane? In mutane ne, masu baka ne ko masu mashi? Ni abin da na saba ƙirgawa ke nan tun ina saurayi. Ba a raba abu ba a san ko mene ne ba. Ka aiko mini da bayani da wuri, mutanena a nan sun shirya, kai kaɗai muke jira.

Allah Ya yi maka albarka, Ya haɗa fuskokinmu.

Sabon Birni, ƙarshen damina

Daga Maliki zuwa ga Malam Lauwali. Gaisuwa. Muna lafiya, muna fatan haka gare ku.

Wata biyu ke nan ban ji daga gare ku ba. Na san gulbi ya cika, na ba shi wata ɗaya. Yanzu ya janye, mata suna tsallakawa zuwa kasuwar Gatawa da kaya a ka, amma Na'Allah ko ƙeyarsa ba a gani ba. Ko na faɗi abin da ya ɓata wa yaron rai? In maganar takardar da aka sha ce, a ce masa ya yafe wa tsohuwa. Fadima ta daina tambayata, zama kawai take a ƙofar gida tana kallon hanyar kudu. Wannan na ba wata mai sayar da man shanu, Allah Ya sa ta iso.

Isa, farkon kaka

Daga Lauwali zuwa ga ɗan'uwansa Maliki. Aminci ya tabbata gare ka da iyalinka. Jikinmu lafiya. Ka zauna kafin ka ci gaba, kuma ka sani alƙali ya karanta wannan takarda kafin ta fita, zai kuma karanta amsarka.

Takardarka ta biyu ba ta kai hannun Kalilu ba. Masu tsaron ƙofa sun same ta cikin mangalar Na'Allah. A makon ne aka kore shanu a Bafarawa, gari yana cikin tsoro. Ka sa kanka a wurinsu: takarda daga Sabon Birni, zuwa ga saurayi mai tsagar Gobir, tana tambaya dubu takwas ɗin dawaki ne ko mutane, masu baka ko masu mashi, tana cewa mutanenka sun shirya. Kalilu yana cikin mari, ƙarfe a ƙafa, kwana hamsin da biyu yau. Na'Allah ma an tsare shi, jiya aka sake shi don ya kawo maka wannan.

Kalilu ya ce adadin ba na kome ba ne, adadi ne kawai. Aka yi masa dariya. Babban mai tsaron ƙofa ya ce tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa ganin dubu takwas tana yawo ita kaɗai ba. Aka nemi takardar farko, ga shi ka rubuta da hannunka cewa an shanye ta, su kuwa suka ce ɓatar da sawu ne. Malamin da ya koya masa hisabi ya yi gabas tun bara. Ni fiƙihu na karanta, ban san wannan fanni ba.

Alƙali mutum ne mai tsoron Allah, bai yi gaggawa ba. Ya ce mutum ba ya yi wa kansa shaida. Ya sa Kalilu ya rubuta tambayar da ya yi maka da amsarta, ya naɗe ya sa a gafakarsa, ko ni ban gani ba. Ya ce kai ma ka aiko da abin da aka tambaye ka da amsarka. In sun dace, karatu ne tsakanin jika da kaka, ya sake shi. In sun saɓa, ranar Juma'a ta sama akwai ayarin da zai tashi zuwa Sakkwato, da shi za a tafi, kuma daga can ba ni da hannun da zai kai.

Ban rubuto don in ɗora maka laifi ba. Kalilu ya ce in gaya maka yana cin abinci, kada kakarsa ta damu. Ya kuma ce ka bi a hankali, kada ka raina ƙarami. Alƙali ya yarda in rubuta wannan. Allah Ya ba ka sa'a.

Sabon Birni, ranar Lahadi

Daga Maliki zuwa ga Malam Lauwali, da alƙali mai karantawa, Allah Ya ƙara masa adalci. Gaisuwa. Lafiyar jiki akwai.

Ni na sa wa jikana mari da alƙalamina. Shekara saba'in ban iya rubutu ba, ban cuci kowa da shi ba. Allah Ya gafarta malam, mutanen da na ce sun shirya su shida ne, ƙaraminsu ya haura sittin, biyu ba sa gani sosai. Ni kuwa yatsuna ko igiyar guga ba sa riƙewa, balle tsarkiyar baka.

Ga abin da aka tambaye ni. Dubu takwas da ɗari da ashirin da takwas: shafa'i ne ko wutiri, sassansa nawa ne, kuma mai giɓi ne, ko mai rara, ko cikakke.

Malam Usmanu ya ce bai karanci wannan babi ba, kuma allonmu ba ya ɗaukar irin wannan rabo. Sai na ɗebo sabon wake daga rumbu. Muka shimfiɗa tabarmi a zaure, muka ƙirga shi ɗari-ɗari, kowane tsibi mutum biyu suka ƙirga, har adadin ya cika. Kwana uku ba wanda ya je gona.

Muka raba biyu, ya rabu, ashe shafa'i ne: dubu huɗu da sittin da huɗu. Muka sake raba rabin: dubu biyu da talatin da biyu. Muka sake: dubu da goma sha shida. Sai ɗari biyar da takwas. Sai ɗari biyu da hamsin da huɗu. Sai ɗari da ashirin da bakwai. A nan ya tsaya. Muka gwada shi da biyu, ya ƙi. Da uku, da biyar, da bakwai, da goma sha ɗaya, har muka wuce sittin, kullum sai ya bar ragowa. Almu maƙeri ya jefar da hularsa ya ce, "Wanga Bagobiri ne, a bar shi, ba shi miƙa wuya!" Allah Ya gafarta malam, wasa ne, tsoho ne.

Sassa shida ke nan, jimlarsu dubu takwas da ɗaya. Har na fara rubutawa, Malam Usmanu ya riƙe mini hannu. Ya ce kowane rabo fuska biyu gare shi. In mutum biyu za su sami dubu huɗu da sittin da huɗu kowanne, to mutum dubu huɗu da sittin da huɗu za su sami biyu-biyu. Ashe biyu ma sashe ne. Haka huɗu, da takwas, da goma sha shida, da talatin da biyu, da sittin da huɗu. Shida kuma, jimlarsu ɗari da ashirin da shida.

Fadima ta yayyaga tsohon zanenta, muka ƙulla kowane sashe daban daga cikin waken nan da muka ƙirga. Ƙulli goma sha biyu. Da muka gama, ƙwaya ɗaya ta rage a kan tabarma.

Mun sake ƙirgawa tun daga farko, ta sake ragewa. Zuciyata ta so ya zama cikakke, don na san halin yaro, ba ya zaɓen abu sai mai kyau. Amma ba ni rubuta abin da ban gani ba. Amsata: shafa'i ne, sassansa goma sha biyu, jimlarsu dubu takwas da ɗari da ashirin da bakwai. Mai giɓi ne da ɗaya.

Ga ƙulle-ƙullen a hannun Na'Allah, a kwance a ƙirga. Allah Ya sa mu dace.

Sabon Birni, ranar Litinin

Malam Lauwali, gaisuwa, lafiya. A tsai da takardar jiya! Na yi kuskure!

Da hantsi ina zaune da ƙwayar nan a tafin hannu, Fadima tana tankaɗe. Ta ce, "Kai wake ɗaya ka tasa gaba tun asuba kamar mai duba?" Na yi mata bayanin biyu-biyu da huɗu-huɗu. Ta ce, "To in masu karɓa sun kai yawan waken fa? Korar su za ka yi?" Na ce a'a. Ta ce, "Shekarar da muka gudu, goriba tara gare ni, yara tara. Yaya na raba?"

Ɗaya-ɗaya, Malam. Ɗaya ma sashe ne. Mu bakwai da malaminmu mun raina shi, ga shi yaron ya aiko kada in raina ƙarami. Na ruga wurin Malam Usmanu ba takalmi. Ya dafa kai ya ce haka ne. Na ce to shi adadin kansa fa, a haɗa da shi? Ya ce a'a, abu ba ya zama sashen kansa.

Sassa goma sha uku ne. Jimlarsu dubu takwas da ɗari da ashirin da takwas. Cikakke ne. Ƙwayar da ta rage ba ragowa ba ce, ita ce ƙulli na goma sha uku.

Na'Allah ya riga ya yi nisa. Duk namijin da ke nan tsaga gare shi, ba mai shiga ƙofarku. Na ce ni za ni, ko me za a yi mini a yi. Fadima ta ce in aka kama ni mari biyu ke nan, ta karɓe ƙwayar ta ƙulle a bakin zanenta. Gobe da asuba Almu zai kai ta Gatawa a kan jaki, daga nan ta bi mata 'yan kasuwa. Ga ta nan amana gare ka. Ba ta cin yaji.

Isa, ranar Asabar

Daga Lauwali zuwa ga Maliki. Aminci da albishir. Kalilu yana gidana, ƙafarsa babu ƙarfe. Fadima tana lafiya. Yanzu ka sha ruwa, sa'an nan ka karanta sauran.

Ranar Laraba aka kwance ƙulle-ƙullenka a zauren alƙali, almajiran shari'a huɗu suka ƙirga. Kowane ƙulli ya yi daidai da abin da ka rubuta. Alƙali ya fito da takardar Kalilu. Tambaya ta dace. Sassa goma sha biyu sun dace. Amma shi ya rubuta goma sha uku, ya ce cikakke, kai ka ce mai giɓi. Kalilu ya ce, "Ɗaya ya manta, Allah Ya gafarta malam!" Alƙali ya ce masa ya yi shiru, ya riga ya gaya masa ba ya yi wa kansa shaida. Babban mai tsaron ƙofa ya ce sharaɗi dacewa ne, ga shi sun saɓa. Alƙali ya daɗe yana kallon waken, ya ce a dawo gobe. Ban ci tuwo ba ranar.

Alhamis da hantsi muna zaune, an kawo Kalilu, sai ga hayaniya a ƙofar zaure. Wata tsohuwa ce, ƙafa duk ƙura, tana ce wa dogari, "Ɗana, kauce, na girmi uwarka." Ba ta ɓoye takardarka ba, tun daga ƙofar gari a hannu ta riƙo ta tana cewa a kai ta wurin alƙali. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta kwance bakin zane, ta ajiye ƙwayar wake ɗaya a gabansa.

Mai tsaron ƙofa ya ce, "Wake ɗaya? Ko a bakin kasuwa sai a tsinta."

Ta ce, "To mi ya hana ka tsinto tun jiya, ka hutar da ni tafiyar kwana biyu?"

Zaure ya fashe da dariya, har alƙali ya sunkuyar da kai. Ya karanta takardarka. Ya kira matan da suka zo tare, suka shaida a Gatawa ta same su ranar Talata da takardar a naɗe, tun ba a kwance ƙulli ko ɗaya a nan ba. Ya sa ta maimaita maganar goriba. Sa'an nan ya ɗebi wake shida da hannunsa, ya ware uku, ya ware biyu, ya ga ɗaya ta rage, ya ce, "Ashe shida ma haka yake." A nan ya ba Kalilu izinin magana. Kalilu ya ce daga ɗaya har dubu goma, huɗu kaɗai ne irinsu: shida, da ashirin da takwas, da ɗari huɗu da casa'in da shida, sai wannan. Alƙali ya dubi mai tsaron ƙofa ya ce, wace runduna ce za ta tashi ta daidaita kanta da ɗayan huɗun nan, ba doki ɗaya da ya yi ciwo? Ya sa aka zube ƙulli goma sha uku wuri ɗaya aka ƙirga. Sai bayan azahar aka gama, ya cika cif. Ya aika a kira maƙerin gari ya cire marin.

Duk wannan Fadima ba ta dubi inda Kalilu yake ba ko sau ɗaya. Sai da marin ya faɗi ta juya. Ta shafa tsagar fuskarsa da yatsa ta ce, "Angona, ka rame." Ya ce, "Yaya ba ni ramewa, amarya ta shanye mini takarda?" Sauran ba ya rubutuwa.

Mai tsaron ƙofa ya zo da yamma ya ba Kalilu hannu. Aikinsa ya yi, ban riƙe shi a zuci ba. Alƙali yana gaishe ka, ya ce takardar da ka rubuta mai giɓi ita ta fi gamsar da shi, don maƙaryaci da cikakke zai fara. Ya kuma ce a gaya wa Almu maƙeri ya ji saƙonsa.

Sabon Birni, tsakiyar kaka

Daga Maliki zuwa ga Malam Lauwali da jikana Kalilu, takarda ɗaya don takarda ta yi wuya. Gaisuwa da godiya. Lafiya lau, har gwiwar ta yi sauƙi.

Na karanta albishir a tsaye a bakin gona, na yi sujada a kan kunyar gero. Da magariba na kai zaure, Malam Usmanu ya karanta wa tsofaffi, aka sa ya maimaita maganar mai tsaron ƙofa sau uku. Almu dai tun da ya ji alƙali ya ji saƙonsa bai ƙara magana mai ƙarfi ba.

Malam Lauwali, na gode. Sau biyu ka ba ni yaron nan. Ka gode mini wa alƙali, ka gode wa matan Gatawa, ka gode wa Na'Allah da ya sha tsarewa saboda ni bai daina ɗaukar takardata ba. Waken kada a dafa. Ka ajiye shi da toka, in damina ta zo ka shuka a gonarka, in ya yi ka kai wa alƙali da mai tsaron ƙofa.

Kalilu, ka yafe mini wata biyun nan. Daga yau duk takardar da za ni rubuta sai Malam Usmanu ya duba ta da idon mai tsaron ƙofa. Amma ka tuna ni na yi gaskiya. Na tambaye ka dubu takwas ɗin na mene ne, ka tsaya gaban jama'a ka ce ba na kome ba. Yanzu Isa duka sun sani na wake ne.

Ka ce in na amsa ni ne malami, ka bar mini Fadima. Na san ba ni na amsa ba, ita ce, ba sai ka faɗa ba. Ka riƙe ta har ta huta, ta ƙoshi da ganinka. Ranar kasuwar Gatawa ta bayan salla ka rako ta, za ni zo da Almu, in ga fuskarka ko da a gindin tsamiya ne, ga goriba na tanada. Kada ku wuce ranar. Na yi lissafin gidan nan da kaina, ban nemi taimakon kowa ba: tun Talatar da ta hau jakin nan, mai giɓi ne da ɗaya.